Ladubban Gini a Kan Aikin Wani: Darasi Daga Masu Zana Fatar Abubuwa da Kwamfuta

Gabatarwa

Akwai wani jerin lambobi da ya fara da 151, 160, 137, 91, 90, 15, ya ci gaba har sai da ya cika guda 256. Duk wanda ya saba leƙa cikin manhajojin zane da na wasannin kwamfuta zai yi ta cin karo da shi, a aikin ɗalibi da na babban kamfani, cikin harsunan kwamfuta iri-iri. Babu wata hikima a ɓoye cikin wannan jeri. Lambobi ne daga 0 zuwa 255 da aka cakuɗa, kuma da an yi musu wata cakuɗawar daban, da aikin ya tafi daidai. Wani shehun malami na Jami'ar Niyok mai suna Ken Perlin ne ya sa shi cikin misalin da ya fitar a shekarar 2002, jama'a kuwa suka yi ta kwafa. Ta haka jerin ya zama tamkar tsagar gado: duk inda aka gan shi an san gidan da aikin ya fito, ko mai aikin ya faɗa ko ya ɓoye.

Wasu sukan bar sunan Perlin a saman jerin, wasu kuwa sukan share shi. Kwamfuta ba ta damu ba, hoton da za ta fitar ɗaya ne. Amma ga ma'abota wannan sana'a bambancin yana da girma, domin a kansa ne suna da abinci da kuma amana suka rataya. Wannan maƙala za ta duba yadda masu ƙera zanen fatar abubuwa a kwamfuta suke gini a kan aikin juna, da ladubban da suka wajaba a kan mai aro, da kuma asarar da akan tafka idan aka yi watsi da su.

Mene Ne Mataci?

Idan kwamfuta ta gina siffar abu, misali kujera ko dutse ko doki, sai siffar ta fito sumul kamar an zuba ta da roba. Kafin ido ya yarda da ita dole a lulluɓe ta da fata: jijiyar katako, tsatsar ƙarfe, tsagewar busasshen taɓo, ko ɗigon jikin damisa. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a ɗauki hoton abin na gaske a naɗe siffar da shi, dabarar da Edwin Catmull ya bayyana a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Yuta ta Amurka a 1974. Ta biyu ita ce a bai wa kwamfuta tsarin lissafi ta zana fatar da kanta. Za ta tambayi kowane ɗigo na hoton matsayinsa, ta sa lambobin cikin lissafin, amsar da ta fito ita ce launin ɗigon.

Irin wannan tsarin lissafi shi ake kira filta, wato mataci, domin lambobi ne ke shiga ta gefe guda su fito a tace ta ɗaya gefen. A manhajoji irin su Filter Forge da Substance Designer da Blender, ba lallai ne mai zane ya iya rubuta harshen kwamfuta ba. Akwatuna ne ake jerawa a allo a haɗa su da zare: wannan yana samar da gizo-gizo, wancan yana karkata shi, na gaba yana shafa launi, na ƙarshe yana ƙayyade inda haske zai faɗa. Mataci mai kyau yakan ƙunshi akwatuna da yawa ƙwarai, kuma yakan ci wa mai shi makonni yana gwaji.

A nan ne matsalar ta samo asali. Mataci a buɗe yake. Wanda ya sauke shi daga rumbun intanet yana iya buɗe cikinsa, ya ga kowane akwati da kowane zare, ya sauya launi daga ja zuwa kore, ya ajiye da sabon suna cikin minti biyar. Hoton da aka sace ana gane shi da ido, amma mataci ɗaya yana iya haifar da hotuna dubu da ba su kama da juna. Bugu da ƙari, buɗewar ba kuskure ba ce, da gangan aka yi ta, domin ta hanyar kwance aikin ƙwararru ne sababbin shiga ke koyon sana'ar. Ke nan ƙofar da ilimi ke shiga ta ita ce ɓarawo ke bi, kuma ba a iya rufe wa ɗaya a bar wa ɗaya.

Hayaniyar Perlin

Akwatin da ya fi kowane yawan aiki a wannan fage sunan mutum yake ɗauke da shi. Ken Perlin yana cikin ma'aikatan kamfanin MAGI na jihar Niyok waɗanda suka yi zanen kwamfuta na fim ɗin Tron a 1982. Bai gamsu da yadda hotunan suka fito kamar ƙirar inji ba, sai ya shiga neman yadda za a sa musu irin rashin daidaiton da ke jikin halitta. A 1983 ya samo dabarar, a 1985 kuma ya gabatar da ita a taron SIGGRAPH, babban taron shekara-shekara na masana zanen kwamfuta.

Injiniyoyi suna kiran lambobin da ba su da tsari da sunan hayaniya, kamar yayyafin fari da baƙi da kan cika allon talabijin idan tasha ta rufe. Irin wannan hayaniya ba ta kama da komai a duniya, saboda kowane ɗigo ba ruwansa da maƙwabcinsa. Abin da Perlin ya yi shi ne ya shimfiɗa raga a kan hoton, ya dasa ƙaramar kibiya a kowace mahaɗa, tana kallon wani sashe da aka zaɓa daga jerin lambobin da aka cakuɗa. Kowane ɗigo sai ya dubi kibiyoyin kusurwoyi huɗu da ke kewaye da shi, a auna yadda kowace ta fuskance shi, a gauraya amsoshin a hankali. Sakamakon shi ne tudu da kwari masu laushi, babu biyu da suka yi daidai, amma duk girmansu ya yi kusa da juna. Idan aka ɗora irin wannan shimfiɗa da yawa, kowace ta fi ta ƙasanta ƙanƙanta da ninki biyu, ƙarfinta kuma rabi, sai gajimare ko hayaƙi ya bayyana. Idan aka karkata zobba da ita, katako ya fito. A 1997 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama Perlin da lambar yabo ta fasaha saboda wannan aiki.

A wancan taro na 1985 wani masani daga Jami'ar Saskacewan ta Kanada, Darwyn Peachey, ya gabatar da tunanin da ya yi daidai da wani ɓangare na aikin Perlin, wato a ɗauki fata a matsayin dunƙulallen abu da ake sassaƙa siffa daga cikinsa, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Kowannensu shi kaɗai ya kai ga tunanin, kuma har yau littattafai suna ambaton su tare. Ɗaliban ilimin halittu za su tuna da ranar 1 ga Yuli, 1858, da aka karanta takardun Charles Darwin da Alfred Russel Wallace a zama guda a birnin Landan. A 1994 Perlin da Peachey suka haɗu da David Ebert da Kenton Musgrave da Steven Worley suka wallafa littafi guda a kan wannan fanni, suka zuba dabarunsu a fili domin kowa ya ɗauka.

Daga Cikin Tayi Zuwa Allon Kwamfuta

Wani reshe na wannan sana'a daga ilimin halittu ya tsiro. A 1952, shekara biyu kafin rasuwarsa, masanin lissafin nan na Ingila Alan Turing ya wallafa maƙala a kan yadda tayi, wanda ya fara a matsayin dunƙulen ƙwayoyi masu kama da juna, yake samun sassa mabambanta. Ya nuna ta hanyar lissafi cewa sinadarai biyu da ke tasiri a kan juna, suna kuma bazuwa da sauri daban-daban kamar yadda shuni ke bazuwa a ruwa, suna iya haifar da ɗigo ko ratsi a wurin da a da babu komai.

Bayan shekara ashirin, a 1972, Alfred Gierer da Hans Meinhardt na birnin Tubingen a Jamus suka fito da bayani mai kama da wannan, suka kuma fayyace sharaɗin da ya sa abin ke aiki. Sinadari na farko yana ƙara kansa a inda yake, yana kuma haifar da na biyu wanda ke danne shi, na biyun kuwa ya fi saurin tafiya nesa. Saboda haka duk inda ɗigo ya tsiro sai ya hana wani tsirowa kusa da shi. Meinhardt ya bayyana daga baya cewa ba su san da maƙalar Turing ba sai da mai tace takardarsu ya jawo hankalinsu gare ta. Da suka sani sai suka ambace shi, kuma hakan bai rage musu komai ba: a yau ana kiran tsarin da sunan Gierer da Meinhardt, ana kiran zanen da sunan Turing.

A taron SIGGRAPH na 1991 wannan tunani ya shigo zanen kwamfuta ta ƙofa biyu a lokaci guda. Greg Turk, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Karolina ta Arewa, ya nuna yadda za a sa sinadaran ƙarya su bazu a jikin siffar dabba har ratsin jakin dawa da ɗigon damisa su fito. Andrew Witkin da Michael Kass su ma suka gabatar da tasu hanyar. Takardun biyu sun mayar da asalin tunanin ga Turing. Haka kuma a 1996 Steven Worley ya kawo dabarar warwatsa ɗigogi a fili, a bai wa kowane wuri launi gwargwadon nisansa da ɗigon da ya fi kusa da shi. Ita ce ke samar da zanen jikin raƙumin dawa da tsagewar taɓo da ƙwayoyin ganye. Tushenta rabon fili ne da masanin lissafi Georgy Voronoy ya yi bayaninsa a 1908, kafin shi kuma Dirichlet na Jamus ya taɓa shi a 1850. Wanda ya buɗe Blender ya ɗauko akwatin da aka rubuta wa Voronoi, ya ɗauko aikin mutum uku ne da ke tsakanin shekara 146.

Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan masana da ya fara daga fili. Saboda haka aro ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, shi ne ma ƙashin bayanta. Tambayar ita ce yadda ake yin aron.

Darasi Daga Sunan Gawo

Masana tsirrai sun daɗe da warware irin wannan matsala, kuma itacen gawo, wanda manomi ya san shi da zubar da ganye da damina, ya isa misali. Cikakken sunansa na kimiyya shi ne Faidherbia albida (Delile) A.Chev. Bafaranshe Alire Raffeneau Delile, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar, shi ya fara bayyana itacen a 1813, ya sa shi cikin dangin Acacia da sunan Acacia albida. A 1934 wani Bafaranshen, Auguste Chevalier, ya ga cewa gawo ya sha bamban da sauran, ya ware masa dangi nasa. Ƙa'idar sunayen tsirrai ba ta bar Chevalier ya share Delile ba. Sunan mai aikin farko ya zauna cikin baka biyu, na mai gyara ya biyo baya.

Wannan ɗan gajeren layi yana sanar da mai karatu abu uku: wanda ya fara, wanda ya gyara, da kuma cewa lallai an yi gyara. Mai bincike da ya yi shakkar wani abu ya san takardar da zai nema da shekarar da zai duba. Ladabin mai gina mataci bai wuce wannan ba. Idan ya ɗauki matacin bulo na wani ya ƙara masa gansakuka da tsagewa, abin da ya kamata ya rubuta a bayanin aikinsa shi ne sunan matacin asali, da mai shi, da inda aka samo shi, sannan abin da shi ya ƙara. Layi biyu ko uku sun wadatar.

Doka Daban, Ladabi Daban

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa abin da doka ba ta hana ba ya halatta a idon abokan sana'a. Ba haka abin yake ba. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun manhaja da hoton da aka zana, amma ba ta kare tunani ko hanyar lissafi. Kowa yana iya karanta maƙalar Perlin ta 1985 ya rubuta tasa manhajar ya sayar, babu kotun da za ta tuhume shi ko da bai ambaci sunan kowa ba. Ladabi ne kawai ya sa ake cewa hayaniyar Perlin.

Akwai kuma inda doka ke hana abin da ambaton suna ba ya halatta shi. A 2001 Perlin ya fito da sabuwar hayaniya mai suna Simplex, wadda ta fi ta farko sauri, domin a fili mai tsawo da faɗi da zurfi kusurwoyi huɗu take dubawa maimakon takwas. Wannan karon an yi wa dabarar rajistar ƙirƙira a Amurka, aka ba da takardar a 2005. Masu rubuta manhajojin kyauta suka shiga ɗari-ɗari da ita, har a 2014 Kurt Spencer ya fitar da wata hanya daban mai suna OpenSimplex domin a kauce wa rajistar. Sunan da ya zaɓa ma bai ɓoye inda tunanin ya fito ba. Wa'adin rajistar ya ƙare a watan Janairu na 2022, shingen doka ya faɗi, amma haƙƙin ambaton mai ƙirƙira yana nan, domin shi ba shi da wa'adi.

Tsakanin doka da ladabi akwai lasisi, wato sharuɗɗan da mai aiki ke rubutawa da kansa. Lasisin MIT ya yarda a yi komai da aikin, har sayarwa, muddin an bar sanarwar sunan mai shi. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989 kuma Blender ke tafiya a kansa tun 2002, ya wajabta wa mai gyara ya bayyana cewa ya yi gyara, idan kuma ya rarraba aikin ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi. Lasisan Creative Commons, da suka fara fita a ƙarshen 2002, suna da rassa: wani yana neman a ambaci suna kawai, wani ya hana kasuwanci, wani ya hana gyara. Akwai kuma CC0, inda mai aiki ke yafe haƙƙinsa baki ɗaya, kamar hotunan fata da rumbun Poly Haven ke rabawa. Aikin da ba a rubuta masa lasisi ba kuwa, haƙƙinsa duka yana hannun mai shi. Shirun mai abu ba izini ba ne.

Wannan ya shafi ɗalibin Nijeriya kai tsaye. Ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Bern ta kare haƙƙin mawallafa a 1993, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Matashin da ke zaune a Zariya ko Kano yana sayar da zane ga masu saye a ƙasashen waje yana ƙarƙashin sharuɗɗan duk wani mataci da ya ɗauko daga intanet.

Abin da Ake Asara Idan Silsila ta Yanke

Asara ta farko a kan mai aikin take faɗawa. Filter Forge, wadda ta fito kasuwa a 2007, ta zo da tsarin bai wa masu matatan da jama'a suka fi amfani da su tukwici, har da kyautar manhajar kanta. A wasu kasuwannin kuma ana sayar da matatai da kuɗi, kamfanonin fim da na wasanni suna duba su kafin su ɗauki ma'aikaci. Wanda ya sauya launin aikin wani ya liƙa sunansa ya karkatar da wannan amfani zuwa aljihunsa. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asara ta biyu ta ilimi ce, kuma ta fi ɓoyuwa. Akwai wani layi guda na lissafi da masu zane ke amfani da shi wajen samar da lambobi marasa tsari, wanda ake ganewa da lambobin 12.9898 da 78.233 da 43758.5453. An shekara da shekaru ana kwafarsa daga hannu zuwa hannu ba tare da suna ko bayani ba. Layin yana da aibi: amsarsa ta dogara da yadda kowace na'ura ke lissafa kusurwa, saboda haka fatar da ta yi kyau a kwamfutar mai zane tana iya fitowa da ratsi-ratsi a wayar hannu. Da yake kwafin ba ya ɗauke da adireshin asalinsa, babu wurin da za a liƙa gargaɗi ya isa ga kowa, sai dai kowane sabon mai kwafa ya faɗa ramin da kansa. Haka kuma darussa da yawa sun yi ta kiran wata hayaniya mai sauƙi, wadda ke dasa lamba a mahaɗar raga maimakon kibiya, da sunan Perlin, alhali ba ita ba ce, kuma hotonta ya fi nuna murabba'in ragar. Jingina wa mutum abin da bai yi ba shi ma rashin ladabi ne, kuma yana ɓatar da mai koyo.

Asara ta uku ita ce rufewar hannu. Dandalin Shadertoy, wanda Inigo Quilez da Pol Jeremias suka buɗe a 2013, ya tara dubban zane-zane da kowa ke iya karanta lissafinsu. Ƙa'idarsa ita ce duk aikin da mai shi bai faɗi wani sharaɗi ba, ana iya gini a kansa idan an ambaci suna, ba a yi kasuwanci da shi ba, aka kuma saki sabon aikin bisa sharuɗɗan nan. Quilez da kansa ya bambanta ayyukansa gida biyu. Ƙananan dabarun lissafi ya sake su da lasisin MIT domin kowa ya yi aiki da su. Manyan zane-zanensa kuwa ya rubuta musu sanarwa mai tsauri, cewa don koyo ya nuna su, bai yarda a sayar da su ko a horar da na'ura da su ba sai da izininsa. Duk lokacin da aka ci amanar mai kyauta, sanarwa irin wannan ƙaruwa take yi, wanda ke cutuwa kuwa shi ne ɗalibin da zai zo gobe ya tarar da ƙofa a kulle.

Tun daga 2022 manhajojin da ke ƙirƙirar hoto daga rubutacciyar buƙata sun ƙara wa lamarin nauyi. An horar da su da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet, kuma fatar da suke fitarwa ba ta zuwa da sunan kowa. Masu zane da kamfanonin hoto sun kai ƙara kotu a Amurka da Ingila a 2023 a kan wannan batu.

Ladubban Mai Aro

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo ladubba guda shida.

Na farko, a karanta sharuɗɗa kafin a fara gini. Gano cewa tubalin da aka aza a ƙasa ba na sayarwa ba ne bayan an kai gini rufi, wahala ce da minti biyu na karatu ke kawarwa.

Na biyu, a rarrabe tubalin kowa da ginin wani. Ba a bukatar neman izini domin an yi amfani da akwatin hayaniya da ya zo da manhaja, kamar yadda magini ba ya neman izinin yin amfani da ƙasa da ruwa. Abin da ake ambato shi ne haɗin da wani ya ƙirƙiro. Ma'auni mai sauƙi shi ne mai aro ya tambayi kansa: idan mai aikin asali ya buɗe wannan mataci, zai gane hannunsa a ciki? Idan zai gane, to sunansa ya wajaba a bayanin.

Na uku, a faɗi abin da aka sauya. Wannan yana kare ɓangarorin biyu, domin idan gyaran ya ɓata wani abu ba za a ɗora wa mai asali laifi ba, idan kuma ya inganta, mai gyara ya sami yabonsa.

Na huɗu, kada a fitar da aikin da bai ƙara komai ba. Kwafar matacin ƙwararre domin koyo abu ne mai kyau, amma wurinsa cikin kwamfutar mai koyo. Sauya launi da suna bai kai a kira shi sabon aiki ba, ko da an ambaci mai shi.

Na biyar, a kula da hotunan da ake zubawa cikin mataci. Littafin Phil Brodatz na 1966, mai ɗauke da hotuna 112 na ciyawa da ɓawon itace da yashi da saƙa, ya zama abin gwaji na masu binciken hoto shekaru da dama, amma yawan amfani da shi bai mayar da shi na kowa ba. Hoton da mutum ya ɗauka da kansa, ko wanda mai shi ya yafe a rubuce, shi ne mafi aminci.

Na shida ya shafi wanda aka ɗauki aikinsa. Ya fara tuntuɓar mai aron a keɓe, cikin mutunci, kafin ya kai ƙara gaban jama'a. Sau da yawa rashin sani ne, wani lokaci kuma mutum biyu ne suka kai ga abu ɗaya kowa ta hanyarsa, kamar Perlin da Peachey. Shi kuma wanda aka tunatar, ya yi koyi da Gierer da Meinhardt, ya ƙara sunan ba tare da gardama ba.

Kammalawa

Ladubban nan ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa rubuta kundin kammala digiri. Su ne dai waɗanda malami ke nema idan ya ce a nuna madogara, sai dai a nan madogarar akwatuna ne da zare maimakon shafukan littafi. Amfaninsu biyu ne: suna bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa, suna kuma barin sawun da mai zuwa baya zai bi idan ya tarar da kuskure ko ya so ƙarin bayani. Ɗalibin da ya zauna zai zana fatar damisa a kwamfuta yana aiki ne da lissafin Turing na 1952, da gyaran Gierer da Meinhardt na 1972, da hanyar Turk ta 1991, wataƙila kuma da matacin wani da ya sauke jiya da dare. Abin da ake nema daga gare shi bai wuce ya buɗe wurin bayani ya rubuta sunayen waɗanda ya ɗauka daga gare su ba, sannan ya sa nasa a ƙasa tare da abin da ya ƙara.